Girkin Ganye da Kayan Lambu a Bukukuwan Kaka na Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Duk shekara, da zarar ganyen itatuwa ya fara ja yana zuba, aka fara jibge kabewa a ƙofar kantuna, sai tambayoyi su yi ta zuwa mini daga 'yan'uwa mata da ke zaune a Amurka da Kanada, musamman amaren da ba su daɗe da sauka ba. Wata maƙwabta sun gayyace ta sun ce ta taho da kwano guda. Wata kuma ita ce mai tara jama'a, ga maigida da hawan jini, ga suruka mai ciwon suga ta zo ganin jika. Na tattaro waɗanda aka fi maimaitawa na amsa su wuri ɗaya. Ni mai girki ce; inda magana ta kai ga magani, likitarki ce mai yanke hukunci.

Wai wane biki ne ake yi a kakar nan da ake ta hidimar girki haka?

Babbansu shi ne Ranar Godiya, wadda suke kira Thanksgiving. A Amurka ana yin ta ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, a Kanada kuwa Litinin ta biyu a Oktoba, don su sanyi na riga saukar musu, girbi ma haka. Shugaba Abraham Lincoln ne ya ayyana ta ga ƙasa baki ɗaya a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, sannan majalisa ta tsayar da ita a Alhamis ta huɗu a 1941. Labarin da ake koya wa yara a makaranta shi ne na walimar kwana uku da Turawan Ingila suka ci tare da mutanen Wampanoag, 'yan asalin ƙasar, a garin Plymouth a 1621, bayan girbinsu na farko. Ki kuma sani ba kowa ke murna da ranar ba: tun 1970 wasu daga cikin 'yan asalin ƙasar ke taruwa a Plymouth suna makokin abin da ya sami kakanninsu.

A madafi dai bikin girbi ne. Wadda ta tashi inda ake jiran kaka, rumbu ya cika sannan a sa ranar aure, ba za ta ga baƙon abu a ciki ba. Yawancin Musulmin da na sani a nan sun ɗauke ta ranar hutu da kowa ke gida, sai a sada zumunci.

Ai teburinsu cike yake da kayan lambu. Me kuma za a gyara?

Cike yake, amma leƙa cikin kwanukan ki gani. Koren wake an nutsar da shi a miyar gwangwani mai kirim da gishiri, an barbaɗa soyayyar albasa a kai. Wata ma'aikaciyar Campbell, kamfanin miyar gwangwani, mai suna Dorcas Reilly, ta ƙirƙiro haɗin a 1955, har yau kuma ba ya rasa wurin zama a tebur. Dankali an kwarara masa suga da bota, an lulluɓe shi da alewar mashmalo. Dankalin Turawa an kirɓa shi da bota da kirim. Kabewa ta shige cikin fai, wani kayan zaƙi da ake gasawa a ɓawon fulawa, da suga da madara. Suna dai na kayan lambu ne, abin da ke isa ciki kuwa mai ne da suga da gishiri.

Kada mu yi saurin zarginsu, mu ma da namu. Miyar ganyenmu ta biki mai na yawo a samanta, an jefa dunƙule shida ko takwas, an bar alayyafo a wuta har ya yi baƙi. Salak ɗinmu na suna mayonis ya fi latas yawa. Abin ya fi ba ni takaici da yake girkin iyayenmu na kullum, taushe da fate da kwaɗo da dambu, ganye ne ginshiƙinsa tun asali, nama ɗan armashi ne kawai. Hannun yana nan wurinmu. A mayar da shi kan kayan da kakar ƙasar nan ta bayar, shi ne duk abin da nake kira a kai.

Anti, in na cika tebur da ganye baƙi ba za su ce na rena su ba?

Na san wannan tsoron. Mun tashi ana auna darajar baƙo da girman tsokar da aka ɗora masa. Ban ce ki hana kowa talotalo ko kaza ba. Kaso za ki sauya: rabin faranti kayan lambu, rubu'i hatsi, rubu'i nama ko wake. Kusan haka zanen farantin da ma'aikatar noma ta Amurka ta fitar a 2011 ya nuna. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce babba ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana, kuma dankali da rogo ba sa cikin lissafin.

Ki lura da ganyen da mutane ke ƙi: wanda aka tura ƙarshen tebur ne, sanyi ƙalau, ba yaji ba ƙamshi, kamar an yi don fita hakki. Zuba shi a kwanonki mafi kyau, da zafinsa, a tsakiyar tebur, launi uku ko huɗu na kallon juna. Sau da yawa a gidana tiren gasasshiyar kabewa mai yajin ƙuli ke riga nama ƙarewa, kuma maza ne ke ƙarar da shi.

Kabewa iri-iri ce a kanti. Wacce zan ɗauka?

Manyan nan da ake sassaƙa wa fuska a bikin Halowin na 31 ga Oktoba, ki bar su. Ana ci, amma ruwa ne da zare, ba su biyan wahalar fira. Wadda aka riga aka sassaƙa ta kwana a waje kuwa ba ta shiga tukunya sam.

Ta farko a wurina ita ce batanot, mai dogon wuya da ɓawo ruwan ƙasa, cikinta ja kamar manja. Ita ce ta taushe. Sai kabocha ta Japan, kore mai gari-gari kamar dankali, tana ba miya kauri. Delikata ƙarama ce mai zane-zane, ana cin ta da ɓawonta, ta masu gaggawa ce. Kowacce za ki ɗauka, ki ji ta da nauyi a hannu, ɓawo da tauri, guntun karanta na nan a jiki. A wuri mai sanyi da iska tana yin makonni ba ta lalace ba.

Ta gwangwani ma ba laifi, yawancinta daga gonakin jihar Illinois take. Sai dai ki karanta jikin gwangwanin, don kala biyu ne a jere: zallar kabewa, da wadda aka haɗa wa suga don yin fai. In kuwa kika ɗanɗana kabewa kika ji ɗaci mai tsanani, zubar da ita duka. Wani sinadari ne mai guba da kan taru a jikin wasu, dahuwa ba ta kashe shi, kuma yana sa amai da gudawa. 'Ya'yan kada ki zubar: wanke, shanya, ɗan mai da gishiri, a gasa minti 15.

Abin sha'awa, kabewar da muke ganin tamu ce tun kaka da kakanni daga nahiyar nan ta fito. An fara noma ta a Meksiko kusan shekara 10,000 da suka wuce. In kika yi taushe a nan, gida kika dawo da ita.

Miyar taushe ba nama ba ƙashi, za ta yi daɗi kuwa? Ya kike yin taki?

Za ta yi, in kin ba wuta lokacinta. Ga yadda nake yi wa mutum takwas.

Batanot babba guda, ki raba ta biyu a tsaye, ki kwashe 'ya'yan, ki kifa ta a tire. Gefenta ki jera tumatir 4, tattasai 3, attaruhu 2 da tafarnuwa da ɓawonta. Ki sa a oben mai zafin digiri 200 na Salsiyos, wato 400 a ma'aunin da oben ɗin Amurka ke nunawa. Kayan miyan za su yi a minti 25, kabewar kuma kamar 45, sai cokali ya shige ta ba gardama. Gashin nan shi ke maye gurbin romon ƙashi: ruwan kabewa ya ƙone, zaƙinta ya taru, tumatir ya saki tsaminsa tun kafin ya ga tukunya.

Kafin su yi, ki yanka albasa manya biyu ki soya da mai cokali uku a ƙaramar wuta, kina juyawa, har ta yi ja ta yi laushi. Minti 15 ne, kada ki gajarta, rabin daɗin miyar a nan yake. Ki daka daddawa biyu da citta ki zuba su soyu tare. Ki markaɗa gasassun kayan miyan ki juye, ki kankaro naman kabewar ki zuba, ki ƙara ruwa kofi huɗu. In ta tafasa, ki dama rabin kofi na markaɗaɗɗiyar gyaɗa da ruwan ɗumi ki zuba. In ta kwalba ce, ki nemi wadda ba suga a ciki. Ki rage wuta minti 10, kina juyawa don kada ta kama. Sai gishiri, ki ɗanɗana. Yakuwa ta shiga ta yi minti biyar. Alayyafo da lawashi su ne na ƙarshe: minti uku, ki sauke, sauran zafin tukunya zai ƙarasa.

Jan launin kabewa sinadarin bita-karotin ne, wanda jiki ke mayarwa bitamin A, kuma sai da ɗan maiƙo hanji ke iya tsotse shi. Gyaɗar da cokali ukun nan sun wadatar. Mu mukan ci da tuwon shinkafa ko waina. In gidan Turawa za ki kai, ki ɗan ƙara mata ruwa. Sun saba shan miyar kabewa da cokali a kaka, za su karɓe ta hannu biyu.

A ina zan sami yakuwa da zogale da alayyafo irin namu?

Suna nan, sunansu ne ya sauya. Yakuwa ki nema a kantin Indiyawa da sunan gongura. Zogale na wurin 'yan Filifin, suna ce masa malungai, galibi daskararre a firiza. Alayyafonmu shi ne kalalu na mutanen Jamaika. Lalo shi ne mulukiyya a kantin Larabawa. Zoɓo kuwa buhu-buhu yake a kantin 'yan Meksiko, suna kiransa hamaika. Daddawa sai kantin 'yan Afirka, ki tambayi iru.

Daskararren ganye kada ki rena shi. Ana daskarar da shi ne jim kaɗan bayan girbi, sau da yawa ya fi wanda ya yi mako a mota da kanti riƙe amfaninsa, ga arha.

Duk gashin da na yi sai ya fito lagwab kamar dafaffe. Ina matsalar?

Cunkoso ne, kusan kullum. In kayan lambu suka hau kan juna, tururinsu ke dafa su. Ki baza su kowane yanki da filinsa, in bai isa ba ki ɗauko tire na biyu. Ki tsane ruwansu da tsumma bayan wanki, ki yanka girma ɗaya, ki bar oben ya yi zafi sosai tukuna, digiri 220 ko 425 a nasu ma'aunin. Minti 25 zuwa 35, a juya sau ɗaya. Karas, kabewa, albasa, bitirut da dankali na tafiya tare. Tattasai da koren wake su shigo daga baya.

Mai cokali ɗaya zuwa biyu ya ishi tire guda, in kin murza da hannu ko'ina ya samu. Ana cewa ido ba mudu ba ya san kima, amma a kan mai ido na cin amana, ki auna. Babban cokali ɗaya kalori 120 ne. Kofi guda ya kusa 2,000, wato kusan abin da mace babba ke buƙata a yini cur. Yajin ƙuli ki barbaɗa a minti biyar na ƙarshe, don gyaɗa na saurin ƙonewa. Lemon tsami kuma sai an fito da tire.

Ƙananan kabejin nan na Burusel da ganyen kel, ɗaci da tauri suka hana ni. Akwai dabara?

Tsofaffin Amurkawa da yawa sun tsani kabejin Burusel tun suna yara, kuma da gaskiyarsu. A shekarun 1990 ne masu bincike a Holan suka gano sinadaran da ke kawo ɗacin, aka shiga fitar da iri mai sauƙinsa, shi ke kanti yanzu. Saura laifin tukunya: doguwar tafasa ke fito da warin farar wuta. Ki raba kowane biyu, ki kifa gefen yankan a tire, minti 20 a wuta mai ƙarfi. Gefen zai yi ja, ciki ya yi zaƙi.

Kel kuwa, koren ganyen nan mai kauri dangin kabeji, kwaɗo aka halitta shi don shi. Ki zare jijiyar tsakiya, ki yanka siri-siri, ki sa ɗan gishiri da lemon tsami da cokalin mai, ki murza da hannu minti uku har ya yi laushi ya koma rabi. Sai dakakken ƙuli, albasa, tumatir, attaruhu kaɗan. Nakan ƙara yankakkiyar tuffa da 'ya'yan rumman, tunda lokacinsu ne. Kwaɗon kel yana da wata falala ga mai biki: ya yi awanni a tebur bai yi yaushi ba, latas kuwa rabin awa ya gama. Kel da aka girbe bayan raɓa ta fara daskarewa ya fi zaƙi, don sanyi na sa ganyen ya tara suga, shi ya sa na Nuwamba ya fi na Agusta.

Na ga an rubuta "yam" a kanti, na saya, sai na ga dankali. Kuma mai ciwon suga zai iya ci?

Dankali ne, mai jan ciki. Haka suke kiransa. Doya ta gaske sai kantin 'yan Afirka ko na mutanen Karibiyan.

Mai ciwon suga zai ci, amma a lissafa shi a layin tuwo da shinkafa, kada a ce ai kayan lambu ne a cika faranti. Gwargwadon dunƙulen hannunsa, da ɓawonsa, tare da wake ko ganye. Dafaffe ya fi wanda aka daɗe ana gasawa sauƙin ɗaga suga. A fara cin ganye da nama ko wake, sitaci ya biyo baya. Hakan na rage yadda suga ke tashi bayan cin abinci. Abu ɗaya da nake roƙo: al'adar nan ta zama da yunwa tun safe don a ci da yawa da yamma, kada mai shan maganin suga ko allurar insulin ya yi ta. Sugansa na iya faɗuwa kafin a shimfiɗa tebur.

Maigida na da hawan jini. In na rage dunƙule abinci sai ya yi lami. Ya zan yi?

Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce ƙasa da giram 5 na gishiri a rana, kusan ƙaramin cokali guda, kuma dunƙule kusan rabinsa gishiri ne. Wadda ta sa dunƙule huɗu ta ƙara gishiri, sau biyu ta zuba ke nan.

Iyayenmu sun yi miya mai daɗi kafin dunƙule ya shigo kasuwa. Daddawa ce, da albasar da ta soyu a hankali, da bandar kifi, da citta da masoro da kanumfari da kimba. Sai tsami, wanda shi aka fi mantawa: in kika ɗanɗana miya kika ji kamar da saura, kafin ki miƙa hannu ga gishiri ki matsa lemon tsami ko ki sa ruwan tsamiya kaɗan. Sau da yawa abin da ta rasa ke nan. Waken gwangwani ki tsiyaye ruwansa ki ɗauraye, gishiri mai yawa na tafiya da ruwan. Yajin ƙuli na saye ma akwai gishiri da dunƙule a ciki, gara ki daka naki.

Kada ki yanke gaba ɗaya rana ɗaya, gidan zai yi miki bore. Ki rage rabi yanzu, bayan mako biyu ki sake ragewa. Harshe na sabawa cikin 'yan makonni, har ya koma jin na waje ya yi masa gishiri.

Kanwa fa? Ita ke sa ganye ya yi kore, wake ya nuna da wuri.

Haka ne, amma da tsada: tana lalata bitamin C da bitamin B1, kuma ita ma dangin gishiri ce ga mai hawan jini. Wake ki jiƙa shi ya kwana, zai nuna ba ita. Ganye ki dafa shi a gaggauce, tukunya a buɗe, zai riƙe korensa. Kuɓewa ki yanka ƙanana ko ki markaɗa, yauƙi zai fito da kansa.

In ba nama a faranti, me zai riƙe ciki?

Wake. Kuma a nan akwai tarihin da ya shafe mu kai tsaye. Waken nan mai baƙin ido da ke kowane kanti a Amurka namu ne. A Afirka ta Yamma aka fara noma shi, ya tsallaka teku a jiragen bayi, kuɓewa ma ta hanyar ta bi. Har yau a kudancin ƙasar ana dafa shi da shinkafa ranar sabuwar shekara. Su kuma 'yan asalin ƙasar suna da abin da suke kira 'yan'uwa mata uku: masara, wake da kabewa a gona ɗaya. Karan masara ya ba wake abin hawa, wake ya ƙara wa ƙasa taki, faffaɗan ganyen kabewa ya rufe ƙasa ya riƙe laima. Manominmu da ke shuka wake a tsakanin gero zai gane hikimar ba sai an yi masa bayani ba.

Daga nan na samo kwanon da nake sawa a tsakiyar tebur. Ƙananan kabewa a raba biyu a gasa, a cika ramin da dafaffen wake da masara da tattasai da albasa da aka soya sama-sama, a mayar oben minti 10, a watsa gasassun 'ya'yan kabewa a kai. Kowa da rabinsa. Alala da faten wake mai alayyafo ma suna wannan aiki.

Jan wake mai siffar ƙoda yana da sharaɗi: bayan jiƙo sai ya yi tafasa mai ƙarfi aƙalla minti 10. In aka zuba shi ɗanye a tukunyar lantarki mai dahuwa a hankali, zafinta bai isa kashe gubar da ke cikinsa ba, kuma 'yan ƙwayoyi sun isa su kwantar da mutum. Sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye jiki ya fi ɗaukarsa in akwai lemon tsami ko tumatir. Shayi kuwa na tare shi, don haka a jinkirta shayin maza kamar awa guda bayan abinci. In baƙuwarki ta ce ita bigan ce, tana nufin ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba madara, ba zuma. Ki duba har dunƙulen da kika sa.

An gayyace mu gidan da ba Musulmi ba. In na tsaya kan kayan lambu na tsira ko?

Ba lallai ba, ki yi tambaya. Ganyen kolad, wani faffaɗan ganye dangin kabeji, musamman irin girkin kudancin Amurka, da ƙafar alade akan dafa shi. Koren wake da kabejin Burusel sau da yawa da soyayyen naman alade ake barbaɗe su. Mashmalon kan dankali akwai jelatin a ciki, sinadarin da ke ba shi danƙo, wanda galibi daga alade ake samo shi. Ɓawon fai wani da kitsen alade ake kwaɓa shi, romo kuma wani akan ɗiga masa giya. Ki faɗa wa uwargidan tun ranar gayyata, cikin ladabi; mutanen nan sun saba a gaya musu abin da baƙo ba ya ci, kuma sun fi son su ji da wuri. Ki kuma taho da kwano mai ƙosarwa, ko ba komai ke da yara kun sami na ci.

Su fa, akwai abin da zan kiyaye musu a nawa girkin?

Gyaɗa. Wannan ba wasa ba ne. Akwai mutane da yawa a ƙasar nan, musamman yara, da ɗan ɓurɓushinta ke iya toshe musu numfashi cikin mintoci. Taushe, kwaɗo da yajin ƙuli duk gyaɗa ce, kuma ido ba ya ganinta. Ki faɗa da baki, ki kuma rubuta a takarda ki ajiye gefen kwanon, kowane kwano da ludayinsa. In kin san akwai mai matsalar, niƙaƙƙun 'ya'yan kabewa ko agushi na ba taushe kauri iri ɗaya. Riɗi kuwa kamar gyaɗa yake, shi ma yana yi wa wasu irin wannan illa. Tun 2023 dokar Amurka ta sa shi cikin abubuwan da dole a bayyana a jikin kayan abinci.

Kayan zaƙi fa? Biki ba zaƙi ai bai cika ba.

Bai cika ba kam. Miyar kiranberi, jajayen 'ya'yan itacen nan masu tsami kamar zoɓo, yadda aka saba yi ana zuba kofin suga guda, giram 200, a leda ɗaya mai giram 340. Ki kwatanta da giram 50 da aka ce babba kada ya wuce a rana. Ni rabi nake sawa, in ƙara tuffa ɗaya, ruwan lemon zaƙi da ɗan ɓawonsa, citta da kanumfari. Ba wanda ya taɓa tambayata ina sauran sugan.

Tuffa a cire tsakiyarta, a cusa dabino da kirfa, a gasa minti 35, a ci da kindirmo. Haɗin fai ɗin kabewa a gasa shi a ƙananan kofuna ba ɓawo, an rage bota da fulawa ke nan. A maimakon lemon kwalba, zoɓo da citta da abarba. Sai dai dabino da zuma ma suga ne a wurin mai ciwon suga, kada sunansu ya ruɗe ki.

Akwai wanda yawan ganyen zai iya cutarwa?

Akwai. Mai shan wafarin, maganin hana daskarewar jini: kel, kolad, alayyafo da kabejin Burusel cike suke da bitamin K, wanda ke rage ƙarfin maganin. Ba a hana shi ci ba, ana son cinsa ya zama daidai kullum, kada ya yi wata bai taɓa ba ya zo ya cinye kwano rana ɗaya. Mai ciwon ƙoda da aka ce ya rage fotasiyam ya yi hattara da kabewa, dankali, tumatir da wake. Ki tambayi dattawan da za su zo tun kafin ki yi cefane.

Yarana ko kallon ganye ba sa yi.

Ki ba su aiki. Yaron da ya kwashe 'ya'yan kabewa da hannunsa ya murza mai a karas zai so ya ɗanɗana abin da ya yi. Ki zuba kaɗan, kada ki tilasta, gobe ki sake zubawa. Wani sai ya gani sau da yawa kafin ya kai baki. Jaririn da bai shekara ba ba a ba shi zuma. Ƙananan yara kuma ba a ba su gyaɗa ko 'ya'yan kabewa ƙwaya-ƙwaya, saboda shaƙewa.

Ni kaɗai ce ba mai taya ni. Me zan yi tun kafin ranar, kuma ya zan yi da saura?

A gida da maƙwabta da ƙannen miji sun cika tsakar gida. Nan sai ke da agogo. Don haka ki raba aikin. Talata ki yi cefane, ki yi miyar kiranberi, ki jiƙa wake. Laraba ki dafa waken, ki yi taushe har zuwa gyaɗa ki tsaya, ki yanke kayan gashi ki ɗaure a firij, ki dafa zoɓo. Alhamis saura gashi, da kwaɗo, da zuba ganye a taushe ana gab da zama. In wata ta ce me za ta kawo, kada ki ce ba komai don kunya. Ki ce ta kawo salak ko 'ya'yan itace.

Bayan an ci, hira kan yi daɗi a manta da kwanuka. Abincin da ya wuce awa biyu a waje ƙwayoyin cuta sun fara yaɗuwa a cikinsa, dafaffen wake da shinkafa sun fi saurin kamuwa, ga gidajen nan da na'urar ɗumama ɗaki a kunne. Ki juye a ƙananan robobi marasa zurfi don su huce da wuri, ki sa a firij. Kwana uku zuwa huɗu ne iyakarsu. Abin da ba za a ci ba kafin Litinin ya tafi firiza tun daren. In za ki ɗumama, ya yi zafi har tsakiya yana tururi, kuma iya wanda za a ci.

Sauran gasassun kayan lambu nakan juye su cikin faten tsaki ranar Juma'a da sabuwar yakuwa. Taushen da za ta firiza kuwa, ki ɗibe ta tun kafin ki zuba alayyafo. Ranar da kika fito da ita sai ki yanka sabo ki zuba.